Bakin kwalta, titin pabe, cikin layi ko bakin gari: ina ya fi dacewa ka kama gida a Maraɗi?

Mai neman gidan haya a Maraɗi yakan ƙirga ɗakuna, ya duba ko akwai pampo da wuta, ya leƙa makewayi, ya tambayi kuɗin wata, shi ke nan ya biya. Titin da ke ƙofar gidan kuwa sai ya tare yake sanin halinsa. Alhali shi za ka taka sau biyar a rana zuwa masallaci, shi ɗiyanka za su tsallaka zuwa lakwal da islamiyya, shi uwargida za ta bi zuwa wurin niƙa da likita, kuma shi ne zai sa ka yi barci da dare ko ka kwana kana juyi. Ɗaki in ya lalace ana shafe shi a yi fenti, amma ɗan haya ba ya da ikon gyara titi.

Garin ya cika. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 267 a birnin, kuma kowa na ganin yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Kabu-kabu, adaidaita, amalanke da manyan motocin kaya masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina duk kan tituna ɗaya suke da mai tafiya a ƙasa. Wuraren da dillali zai nuna maka ba su wuce iri huɗu ba: bakin babbar kwalta, titin pabe (mai shimfiɗar tubalan siminti), layin yashi da ke bayan titi, da sababbin unguwannin bakin gari.

Abin da za a auna da shi

Na farko shi ne ƙara, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ita ce mutane suka fi rainawa. Ana auna ta da desibel. Hirar mutum biyu tana kusan desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ce kada ƙarar ababen hawa ta wuce desibel 53 idan aka haɗa dare da rana, da dare kuma kada ta wuce 45, saboda abin da ya haura haka yana ɓata barci, in ya daɗe kuma yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. A cikin ɗakin kwana, abin da hukumar ta daɗe tana faɗa shi ne kusan desibel 30. To mu nan, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, wa ke kwana a ɗaki? Tsakar gida ake shimfiɗa tabarma. Ke nan duk ƙarar da ke waje ita ce ke shiga kunne kai tsaye, ba bango ba gilashi.

Mutane kan ce ai an saba. Kunne na sabawa har ka daina lura, amma jiki ba ya daina amsawa: bugun zuciya kan ƙaru, barci mai nauyi ya koma sama-sama, ka tashi da asuba a gajiye ba ka san dalili ba. Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata mai neman gida ya riƙe. Nisa kaɗai ba ya rage ƙarar titi sosai, domin in ka ninka tazararka da titi mai yawan motoci, kusan desibel 3 kawai ke raguwa. Abin da ke ragewa da gaske shi ne gini ko katanga da ta tare maka ganin titin, wadda kan cire desibel 5 zuwa 10, wani lokaci fiye. Raguwar desibel 10 kuwa kunne na jin ta kamar an raba ƙarar biyu.

Na biyu, tafiyar ƙasa: akwai inda ƙafa za ta bi ba tare da gogayya da babur ba? OMS na ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa, domin daga nan zuwa sama wanda aka buge ba kasafai yake tashi lafiya ba.

Na uku, inuwa da kyan gani. Itacen bedi a ƙofar gida, ƙofar da aka share aka yayyafa ruwa, katangar da ba a jibge shara a gindinta ba, su ne ke sa dattijo ya fito da tabarma bayan la'asar, maƙwabci ya tsaya a gaisa. An taɓa auna wannan a Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tsara birane, Donald Appleyard, ya kwatanta tituna uku masu kama da juna a San Faransisko, ɗaya motoci kusan 2,000 ke binsa a rana, ɗaya 8,000, ɗaya 16,000. Mazauna titin da ya fi ƙarancin motoci suna da abokai a titinsu ninki uku na mazauna titin da ya fi cunkoso. Ga mu da rabin rayuwarmu a ƙofar gida take, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sauran su ne ƙura da ruwan damina, sai kuɗi, sai ɗorewa, wato ko halin da ka tarar da titin yau shi zai kasance nan da shekara biyar.

Bakin babbar kwalta

Amfaninta a fili yake. Ka leƙo ƙofa ka ɗaga hannu, adaidaita ta tsaya. Da dare akwai haske da mutane, in ciwo ko naƙuda ta tashi mota za ta iso har ƙofa, da damina kuma ba ka taka caɓi. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wanda aka kira Maraɗi Kwalliya, ya kawo gyaran manyan tituna, kuma duk inda kwalta ta bi darajar gida da shago ta ɗaga. Shi ya sa hayar nan ta fi ta ko'ina tsada, musamman gida mai shago a gaba.

Ƙarar ce ba ta da hutu. Da rana hon na kabu-kabu, lasifikar mai saida magani, dukan ƙarfen mai walda, injin mai faci. Da dare kuma, lokacin da gari ya yi shiru, manyan motoci ke samun hanya, motocin safa masu doguwar tafiya su kuma kafin asuba suke tashi. Mafi muni shi ne gidan da ke daidai tudun rage gudu. Tudun na kare rai, ba na ƙinsa, amma ka tsaya kusa da shi ka saurari tirela mai kaya: birki ya yi huci, ƙafafun gaba su hau, bodi ya buga, sarƙoƙi su yi kwaramniya, ƙafafun baya su sauka da nauyinsu har ka ji ƙasa ta motsa, sannan direba ya taka wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kowace mota sai ta yi haka, har gari ya waye. Gidan da ke kusa da shataletale, tasha ko gidan mai shi ma haka.

Mai tafiya a ƙasa shi ne ya fi shan wuya. Inda ma aka tanadi gefen titi, mai shayi ya kafa tebur, mai saida mai a kwalba ya jera kayansa, an jingine babura, dole ka sauka kan kwalta. Ga yashin da iska da ruwa ke tarawa a bakinta, wanda ke sa babur ya zame ko ya kauce ba zato. Yaro ɗan shekara shida ba ya iya kintata gudun abin da ke tahowa, tsohuwa kuma ba ta iya sauri. Uwa da ke zaune a irin wannan gida kullum kunnenta na ƙofa, kullum cikin "kai, dawo ciki" take. Kwalta kuma tana shan rana ta riƙe zafi har bayan isha'i.

Ana iya rage wahalar in gidan naka ne: doguwar katanga marar huda, shago ko zaure a gaba, ɗakunan kwana a can ƙurya, tagar gilashi maimakon ta ƙarfe mai ramuka. Itatuwa jere ɗaya ba sa tare ƙara, kada wani ya ruɗe ka, inuwa da tare ƙura su ne aikinsu. Ta fuskar ɗorewa, kwaltar za ta daɗe in ana gyara ta, amma motoci ƙaruwa suke ba raguwa ba, kuma duk rumfar da ta ci filin titi hukuma na iya rushe ta wata rana.

Titin pabe

Waɗannan su ne titunan da aka shimfiɗa wa tubalan siminti cikin unguwanni. A ganina su ne tsaka-tsaki. Babu ƙurar layin yashi, babu tirelar babbar kwalta sai jefi-jefi, adaidaita kuma na shiga ba gardama. Haya ba ta kai ta bakin kwalta ba, ta fi ta cikin layi. Pabe na da ƙarko, kuma in bututun ruwa ya fashe ana ɗaga tubalan a gyara a mayar, ko da yake inda aka mayar da su da ganganci sukan lotsa su zama rami.

Yana da ƙararsa. Taya a kan pabe ta fi gurnani bisa ga taya a kan kwalta mai santsi, amalanke marar kaya kuma in ta biyo sai duk layin ya sani. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne girgizar na hana gudu. Sai dai wasu titunan pabe sun zama hanyar yanke ta ƴan kabu-kabu masu guje wa cunkoso, irin waɗannan kuwa da safe da yamma ba su da bambanci da kwalta.

Babban abin dubawa shi ne ruwa. Da yawa daga cikin titunan nan an gina su ne don su zama hanyar ruwa ma, shi ya sa za ka ga sun yi ƙasa da ƙofofin gidaje. Maraɗi a kan tudu take tun bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin da ke fadama aka maido shi sama, kuma duk ruwan da ya sauka a tudun nan gulbi yake nufa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, titin pabe da ke gangare yakan zama rafi na ɗan lokaci, mai iya kwashe ƙaramin yaro. Wanda ya ga ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, da gidajen da suka faɗi da rayukan da aka rasa, ba sai an yi masa bayani ba. Ka dubi tsayin dokin ƙofa, ka dubi gindin katanga ko akwai layin da ruwan bara ya bari, ka ga ko maƙwabta sun jera buhunan yashi. Waɗannan sun fi maganar dillali gaskiya.

Layin yashi da ke bayan titi

A nan nake nufin gida na layi na biyu ko na uku daga kwalta, irin waɗanda suka cika Sabon Gari, Sabon Kare, Zariya da Ali Ɗan Sofo, da kuma tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Limanci. Ga mai iyali, wannan nake fifitawa, kuma dalilin shi ne lissafin da na kawo a sama. Gidajen layin farko sun zame maka katanga. Tafiyar minti biyu ko uku ce tsakaninka da adaidaita, amma ƙarar da ke iso maka ta ragu ƙwarai. Yashi kuma ba ya barin babur ya yi gudu, mota ma sai a hankali.

Ka shiga irin wannan layi bayan la'asar ka gani. Dattawa sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi, buta a gefe. Mai ƙosai ta hura wuta, ƴan mata na tsalle-tsallen wasa a filin da suka zana da ƙafa, yara maza na buga ƙwallon tsumma, in babur ya taho su dare ya wuce su koma. Mai kiran sallah ana jin kowace kalmarsa. Wanda ya dawo daga kasuwa ba ya shiga gida sai ya gaisa da mutum huɗu ko biyar. Yaro a nan idon unguwa duka na kansa, ba na uwarsa kaɗai ba.

Amma ba kowane layi ne haka ba, kuma aibinsa na da yawa. Lokacin hunturu ƙura ce, duk babur da ya wuce sai ya bar ta a kan shanya da tukunya, mai ciwon fuka kuwa zai sha wuya. Da damina wasu layukan na riƙe ruwa kwana da kwanaki, sauro ya samu wurin hayayyafa, masassara ta biyo baya. Inda babu magudana, ruwan wanka da na wanke-wanke kan titi ake sakowa. Yashi mai zurfi na gajiyar da ƙafa, keken guragu ba ya tafiya a cikinsa, ɗan adaidaita kuma wani lokaci zai ce a bakin titi zai sauke ka. Da dare yawanci duhu ne. Ƙarar cikin layi ma tana nan, sai dai iri dabam ce: injin niƙa, janareton maƙwabci in an ɗauke wuta, fadar samari da ke raba dare da shayi da kiɗa, rumfar biki da ke toshe hanya. Bambancin shi ne waɗannan suna da mai su. Kana iya zuwa ka yi sallama ka ce "don Allah ƴan samari a rage", ko a kai maganar gaban liman ko mai unguwa. Direban tirela da ya wuce ƙarfe uku na dare ba ka da inda za ka same shi.

Haya a nan matsakaiciya ce ko ƙasa da haka, gwargwadon unguwa da ginin gidan. Halin layin kuma yakan daɗe bai sauya ba, in dai ba mai faɗi ba ne sosai.

Sababbin unguwannin bakin gari

Shiru da iska, da fili mai yalwa, da haya mafi sauƙi. Ga mai son barci babu kamar nan. Sai dai araha ba ta ado. Itatuwa ba su girma ba, don haka tafiyar rana tsaka azaba ce, gidaje jefi-jefi ne tsakanin kangaye, wani wurin ruwa ko wuta ba su iso ba, mace ko yaro kuma ba sa sakin jiki su fita bayan magariba. Ka yi lissafin abin hawa kafin ka yi murna da arahar. A ce dala 50 (sefa 250) ce zuwa, dala 50 dawowa: mutum ɗaya a kwana 26 na aiki ya kashe jika 13 (sefa dubu 13), ban da na yara da na cefane.

Shirun ma ba shi da tabbas. In ka ga layin ya fi sauran faɗi nesa ba kusa ba, to an ware shi ne don babbar hanya, kuma ran da kwalta ta zo kai ne a layin farko. Ga mai saye don riba wannan alheri ne, ga mai gudun ƙara kuwa akasin haka.

| Ma'auni | Bakin kwalta | Titin pabe | Layin ciki | Bakin gari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙara | Mai yawa, dare da rana | Matsakaiciya, safe da yamma | Kaɗan, ta maƙwabta | Kaɗan ƙwarai |
| Haɗari ga yara da tsofaffi | Babba | Matsakaici | Ƙarami | Ƙarami da rana, kaɗaici da dare |
| Inuwa | Wuri-wuri | Wuri-wuri | Yawanci akwai | Kusan babu |
| Ƙura da hayaƙi | Hayaƙi | Kaɗan | Ƙura | Ƙura da iska |
| Damina | Ba caɓi | Ruwa mai gudu | Kududdufi a wasu layuka | Ya danganta da tudun wurin |
| Samun abin hawa | A ƙofa | Da sauƙi | Ɗan taku | Da wuya, da tsada |
| Haya | Mafi tsada | Ƙasa da kwalta | Matsakaiciya | Mafi sauƙi |
| Nan gaba | Ƙara za ta ƙaru | Ƙarko | Ba ya saurin sauyawa | Zai iya sauyawa gaba ɗaya |

Kafin ka ba da kuɗi

Dillali da hantsi yake son kai ka, lokacin da yara ke lakwal, masu aiki sun fita. Ka koma kai kaɗai bayan isha'i, ka sake komawa da asuba, in da hali kuma ran Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci. Ka tsaya a tsakar gidan inda za ka shimfiɗa tabarmar bazara, ka yi shiru ka saurara. A ƙofar gida kuma ka yi magana da wanda ke tsaye kusa da kai, tazarar hannu ɗaya: in sai ka ɗaga murya yake ji, ƙarar ta kusa desibel 85, matakin da ke lalata ji in ana wuni a cikinsa kullum. Sannan ka taka da ƙafarka daga gidan zuwa lakwal ɗin da yara za su shiga, ka ƙirga kwalta nawa za su tsallaka. Ka tambayi mace mai sana'a a layin, ba mai gidan ba, yadda ruwan bara ya yi da su.

Wa ya dace da ina

Mai shago, tela, mai gyaran waya, duk wanda cinikinsa na ido ne, bakin kwalta ya dace da sana'arsa. In aljihu zai ɗauka, ya kama shago a titi, iyali kuma ya ajiye su layi biyu a baya. Wanda dole ya kwana a nan, ya guji tudun rage gudu da mahaɗar hanya, ya nemi gida mai zurfi.

Mai ƙananan yara, ko wanda ke riƙe da tsohuwa ko tsoho da ke son zaman ƙofar gida, layin ciki mai itatuwa ya fi masa, matuƙar ba ya riƙe ruwa kuma ba injin niƙa a jikin katangarsa.

Gidan da ke da mai keken guragu, mai ciwon fuka, ko marar lafiyar da ake yawan kaiwa likita, titin pabe ya fi sauƙi, a zaɓi wanda ke kan tudu ba a ƙarshen gangare ba. Ma'aikaci mai babur da ke fita da sassafe shi ma nan ne zai fi jin daɗi.

Mai aikin dare da ke barci da rana, ɗalibi mai karatu, da mai abin hawa na kansa, bakin gari zai yi musu. In filin naka ne, kada ka jira a gama gini: ka dasa bedi biyu a ƙofa tun damanar farko, ranar 3 ga Agusta da ake bikin dashen itace lokaci ne mai kyau, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki, ka riƙa ba su ruwa har su wuce rani biyu.